Lissafin da ke cikin gine-ginen Italiya na zamanin Farfaɗowa: yadda za ka gano shi, ka kuma zana naka

A shekarar 1454 Leon Battista Alberti yana zaune a Roma, aikinsa kuma yana can garin Rimini, inda ake lulluɓe wata tsohuwar majami'a da marmara bisa umarnin mai garin, Sigismondo Malatesta. Da maganar sauya wasu abubuwa a zanen ta taso, sai ya rubuta wa Matteo de' Pasti, wanda ke tsaye a kan aikin, yana ja masa kunne cewa ya san inda awon ginshiƙan nan ya samo asali, kuma in aka taɓa wani abu a ciki, kiɗan duka zai wargaje. Da gaske yake da ya ce kiɗa. Shi da masu tsara gini na zamaninsa, wanda ake kira zamanin Farfaɗowa saboda an farfaɗo da ilimi da fasahar Girkawa da Rumawa, sun yi imani cewa lambobin da ke sa sauti ya yi wa kunne daɗi su ne ke sa gini ya yi wa ido daɗi.

Mutane da yawa suna jin wannan sai su ɗauka wani sirri ne mai zurfi, ko wata lamba guda da in ka same ta ka gama. Ba haka abin yake ba. Abin da mutanen nan suka yi aiki da shi ƙananan lambobi ne, 1, 2, 3, 4, 5, da igiyar awo, da ƙa'ida ɗaya: kowane awo a ginin ya zama yana da dangantaka da na kusa da shi. Wannan abu ne da hannu ke koya. Saboda haka ka tanadi takarda mai gida-gida, da takarda shara-shara ta kwafe zane, da fensir mai tsini, da rula, da kamfas na zana da'ira, da tef ɗin awo.

Mataki na farko: ajiye mita, ka ɗauki ma'aunin garin

Nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓacewa tun ba a je ko'ina ba. Mita ba ta zo duniya ba sai a ƙarshen ƙarni na 18, a Faransa. Kafin nan kowane gari a Italiya da ma'auninsa. Maginan Fulorans suna awo da kamun garinsu, wanda ya kai kusan santimita 58. A Vicenza, inda Andrea Palladio ya yi yawancin aikinsa, da ƙafa ake awo, kuma ƙafarsu ta kai kusan santimita 35.7, ta ɗara ƙafar Ingila da muka saba da ita, mai santimita 30.5.

Ga amfanin sanin wannan. A ce ka ga an rubuta cewa wani ɗaki faɗinsa mita 5.71, tsawonsa mita 8.57. Lambobin ba su ce maka komai ba. Raba kowace da 0.357, sai ka ga 16 da 24 sun fito ƙarara, wato biyu ga uku. Duk ginin da za ka bincika, fara da tambayar garin da aka gina shi da ma'aunin da maginansa suka riƙe, sannan ka mai da awon zuwa can.

Mataki na biyu: auna jikinka, sannan ka auna ginshiƙi

Tushen duk wannan magana littafi ɗaya ne, wanda wani mai tsara gini Barume, Vitruvius, ya rubuta wa sarki Augustus a ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi kaɗai ne cikakken littafin gini da ya tsira daga zamanin Girkawa da Rumawa. An fara buga shi da injin ɗab'i a Roma wajajen 1486, a 1511 kuma Fra Giocondo ya fitar da shi da zane-zane a Benis.

Vitruvius ya ce gini mai kyau kamar jikin mutum yake, kowace gaɓa tana da rabonta daga tsawon jiki. Fuska, daga haɓa zuwa inda gashin goshi ya fara, kashi ɗaya ce cikin goma. Kai duka, ɗaya cikin takwas. Tafin ƙafa, ɗaya cikin shida. Kamu, ɗaya cikin huɗu. Gaba kuma, wato in ka buɗe hannuwanka biyu, daidai take da tsayinka, shi ya sa mutum ke shiga cikin murabba'i. Wannan ne Leonardo da Vinci ya zana wajajen 1490, mutumin nan mai hannuwa huɗu da ƙafafu huɗu a cikin da'ira da murabba'i, zanen da ke ajiye a Benis har yau.

Ka jingina da bango, wani ya sa maka alama, ka auna tsayinka da gabarka da kamunka. Za ka ga sun kusa abin da ya faɗa, amma ba su zauna daram ba. Riƙe wannan a ranka, domin haka gine-ginen ma suke.

Darasin da ke ciki shi ne a zaɓi gaɓa ɗaya ta zama ma'aunin sauran. A gini, kaurin ginshiƙi daga gindinsa shi ne wannan gaɓar. Hanyar da ta fi sauƙin bi ita ce ta Giacomo Barozzi da Vignola, a littafinsa na 1562, domin ya fara ne daga abin da magini ke da shi a hannu, wato tsayin wurin da za a cika. Ya ce a raba tsayin kashi 19: huɗu na dakalin da ginshiƙi zai hau, 12 na ginshiƙin kansa, uku na jigon da zai kwanta a kansa. Daga nan sai a raba tsayin ginshiƙin gwargwadon salonsa don a sami kaurinsa: salon Tuskan kashi 7, Dorik 8, Ayonik 9, Korinti da na gauraye 10.

Gwada da bango mai tsayin mita 5.7. Kashi ɗaya ya zama santimita 30. Dakali mita 1.2, ginshiƙi mita 3.6, jigo santimita 90. In Dorik kake so, kaurinsa santimita 45. In Ayonik ne, 40. Tazarar da Vitruvius ya fi yabo tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi ita ce kauri biyu da kwata, wato santimita 90 ga na Ayonik ɗinmu, sai a buɗa na tsakiya zuwa kauri uku saboda mashiga. Zana ginshiƙan biyu, na Dorik da na Ayonik, gefe da gefe. Santimita biyar ce kawai tsakaninsu, amma za ka ga ɗaya ya tsaya da ƙarfi, ɗaya ya miƙe siriri.

Ka kuma sani cewa malaman ba su yi ittifaƙi ba. Sebastiano Serlio a 1537 ya jera salon ginshiƙan biyar a kan kashi 6, 7, 8, 9, 10. Palladio ya ba na Korinti tara da rabi. Duk wanda ka zaɓa, ka bi shi har ƙarshen zanen, kada ka gauraya.

Mataki na uku: ji lambobin da kunnenka

Samu molo ko gurmi ko garaya, ko ma siririyar waya da ka ɗaure tam tsakanin ƙusoshi biyu a kan katako. A ce tsawon tsirkiyar santimita 60 ne. Kaɗa ta a sake. Sannan danne ta a tsakiya, a kan 30, ka kaɗa. Murya ɗaya ce da ta farko amma ta haye sama, kamar babban mutum da yaro suna rera waƙa ɗaya. Wannan shi ne 1:2. Yanzu bar santimita 40 su yi rawa, 2:3 ke nan. Sai 45, wanda ya ba da 3:4. Duka ukun suna zama lafiya da muryar farko. Matsa yatsanka kaɗan daga waɗannan wurare, kunnenka da kansa zai gaya maka an kauce.

Girkawa sun jingina wannan ganowa ga Pythagoras. Alberti ya ɗauko ta ya shimfiɗa a ƙasa cikin littafinsa na gini, wanda aka buga a Fulorans a 1485, bayan rasuwarsa a 1472. Ya kasa filaye gida uku. Gajeru: 1:1, 2:3, 3:4. Matsakaita: 1:2, 4:9, 9:16. Dogaye: 1:3, 3:8, 1:4. Kada 4:9 ta ba ka tsoro, 2:3 ce aka yi sau biyu: daga 4 zuwa 6, daga 6 zuwa 9. Haka 9:16, daga 9 zuwa 12, daga 12 zuwa 16. Shi ya sa in ka ga doguwar zaure a zanensu, ka nemi lambar tsakiya da ta raba ta.

Ba a takarda kawai abin ya tsaya ba. A Benis, bayan an aza harsashin majami'ar San Francesco della Vigna a 1534 bisa zanen Jacopo Sansovino, gardama ta tashi kan awonta. Shugaban birnin, Andrea Gritti, ya sa wani malamin addini, Francesco Giorgi, ya rubuta shawara. A 1535 ya kawo ta: faɗin zauren ya zama taku 9, tsawonsa 27, duka daga lamba uku, kuma 27 ɗin a fahimce ta a matsayin 9 zuwa 18, sannan 18 zuwa 27. Cikin waɗanda suka duba takardar suka amince har da mai zane Titian da Serlio.

Mataki na huɗu: karanta fuskar gini

Fara da mai sauƙi. Nemi hoton gidan marayu na Fulorans, Ospedale degli Innocenti, wanda Filippo Brunelleschi ya fara a 1419 da kuɗin ƙungiyar masu sana'ar siliki. Baranda ce mai baka tara, siraran ginshiƙai na dutse mai ruwan toka a gaban farin bango. Auna tsayin ginshiƙi ɗaya a hoton, sannan ka auna tazararsa da na kusa da shi. Kusan ɗaya ne. Zurfin barandar zuwa bango ma haka. Awo ɗaya aka maimaita ta fuska uku, sannan aka jera shi sau tara.

Sai ka koma ga fuskar majami'ar Santa Maria Novella, ita ma a Fulorans. A nan nake so ka daɗe, domin a nan za ka ga Alberti yana aiki da hannu a ɗaure. Ya tarar da ƙasan fuskar an riga an gina tun ƙarnin da ya gabata, da ramukan kaburbura masu baka mai tsini, da ƙananan ƙofofi biyu, da babbar taga mai da'ira a sama, kuma ba halin rushe su. Attajiri Giovanni Rucellai ne ya biya kuɗin aikin. Sunansa na nan rubuce da manyan haruffa a can sama tare da shekarar 1470, tambarinsa kuma, filafilan jirgin ruwa da iska ta cika, yana jere a ɗamarar da ta ratsa fuskar, cikin farin marmara da kore.

Ɗora takarda shara-shara a kan zanen fuskar. Ja layi a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, ka auna. Auna daga ƙasa zuwa ƙololuwar alwatikar da ke sama. Za ka ga duka fuskar ta shiga murabba'i ɗaya. Raba murabba'in gida huɗu. Biyun ƙasa sun ɗauke hawan farko. Yanzu ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan ka ɗora shi a tsakiyar rabin sama: shi ne hawa na biyu. Wato 1:2 ce ke riƙe da ginin. Giɓin da ya rage dama da hagu, inda rufin gefen majami'ar ke leƙowa, sai ya rufe shi da manyan naɗe-naɗe biyu, dabarar da magina suka yi ta kwaikwayo ɗaruruwan shekaru bayansa. Abin da ke burge ni shi ne tsohon aikin da ya gada bai ɓace ba, amma wanda bai san tarihin ba zai rantse mutum ɗaya ne ya tsara fuskar daga tushe.

Hattara da hoto. Wanda aka ɗauka daga ƙasa ana kallon sama yana gajarta saman gini. Ka nemi zanen awo, ko hoton da aka ɗauka daga nesa, tsaye daidai da tsakiyar ginin.

Mataki na biyar: ɗakuna bakwai na Palladio

Palladio, wanda ya rayu daga 1508 zuwa 1580, da sassaƙar dutse ya fara kafin ya zama mai tsara gini, kuma ana jin haka a rubutunsa. Littafinsa na 1570 ba ya yawan falsafa, awo yake ba ka. Ya ce siffofin ɗaki mafi kyau bakwai ne: da'ira, wadda ba a cika yi ba, murabba'i, ɗakin da tsawonsa ya kai layin da ya ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa, murabba'i da sulusi, 3:4, murabba'i da rabi, 2:3, murabba'i da sulusi biyu, 3:5, da murabba'i biyu, 1:2.

Zana su duka da faɗi ɗaya. Ɗauki gida 12 a takardarka, domin 12 tana rabuwa da biyu da uku da huɗu ba saura. Tsawon zai zama 12, 16, 18, 20, 24. Na kusurwa kuma ba a ƙirga shi, zana shi ake yi: kafa tsinin kamfas a kusurwa ɗaya ta murabba'in, buɗe shi zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka juyo da shi har ya sauka a kan layin gefe. Zai faɗi dab da 17. Takardar A4 da ke hannunka, mai milimita 210 da 297, wannan siffar ce.

Wannan na kusurwa gado ne daga maginan da suka gabata. Masu gina manyan majami'u na tsakiyar zamani sun fi dogara da igiya da kamfas, suna fitar da awo daga murabba'i da alwatika. A Milan, inda aka fara babbar majami'ar garin a 1386, sai da aka kira masanin lissafi Gabriele Stornaloco a 1391 don ya mai da tsayin da alwatika ta bayar zuwa cikakkun lambobin da magina za su iya aunawa. Mutanen Farfaɗowa sun karkata ga lambobi, amma ba su jefar da kamfas ba.

Mataki na shida: fitar da tsayin ɗaki

Wannan shi ne matakin da na fi so mutum ya ƙware a kai, domin a nan zane ke tashi daga takarda ya zama wurin da mutum zai tsaya a ciki. In rufin shimfiɗaɗɗe ne, Palladio ya ce tsayi ya zama daidai da faɗi, ɗakunan bene kuma su gaza na ƙasa da kashi ɗaya cikin shida. In rufin mai baka ne a ɗaki murabba'i, a ƙara sulusin faɗin: ɗaki mai 12 ya sami 16.

In kuma ɗakin ya fi tsawo, rufinsa mai baka, hanya uku ce, kuma kowace tana neman lambar da ta zauna tsakanin faɗi da tsawo.

Ta farko: haɗa tsawo da faɗi, ka raba biyu. Ɗaki mai 6 da 12 ya ba da 9.

Ta biyu: ninka tsawo da faɗi, ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan sakamakon. Ɗaki mai 4 da 9 ya ba da 36, tsayi 6 ke nan. Sau da yawa lambar ba ta fita cikakkiya, sai a koma ga kamfas. Jera tsawo da faɗi a layi ɗaya, baki da baki. Nemi tsakiyar dogon layin, ka zana rabin da'ira a kansa. Daga inda tsawo da faɗi suka haɗu, ja layi tsaye har ya taɓa da'irar. Wannan layin shi ne tsayin.

Ta uku: ninka tsawo da faɗi, ka ninka sau biyu, ka raba da jimillar tsawo da faɗi. Ɗaki mai 6 da 12: 72, sau biyu 144, raba da 18, ya ba da 8.

Lura da abin da ya fito daga ɗaki mai 6 da 12: 6, 8, 9, 12. Tsakanin 6 da 8 akwai 3:4, tsakanin 6 da 9 akwai 2:3, tsakanin 6 da 12 akwai 1:2. Muryoyin tsirkiyar nan uku ne suka dawo.

Me ya sa hanya uku? Dalilin da Palladio ya bayar na magini ne. Ɗakunan gida ba girmansu ɗaya ba, amma ana so daɓen bene ya kwanta a miƙe. Hanya ta farko ta fi ba da tsayi, ta uku ta fi ba da gajarta, sai ka zaɓi wadda za ta kawo rufin maƙwabtan ɗakuna kusa da juna. Gwada da 16 da 24: za ka sami 20, da 19.6, da 19.2. Ɗaki mai 16 da 16 kuma ya ba da 21 da sulusi, saboda haka 20 ce ta fi kusa da shi. Ƙaramin ɗaki mai 12 da 16 ba zai wuce 14 ba. Sararin da ya rage a samansa ba a barinsa banza, ana yin ɗan ƙaramin bene a ciki don ajiya ko kwanan masu hidima.

Mataki na bakwai: ƙulla ɗaki da ɗaki

Ɗaki ɗaya mai kyawun awo ba shi ne gwanintar ba. Gwanintar ita ce ɗakunan su riƙe hannun juna. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne gidan da Palladio ya gina wa 'yan'uwa biyu, Nicolò da Alvise Foscari, a bakin kogin Brenta kusa da Benis wajajen 1560, wanda aka fi sani da La Malcontenta. An ɗaga shi a kan dogon dakali saboda damshin wurin, da baranda mai ginshiƙan Ayonik tana kallon ruwa.

Awon da ya rubuta a taswirar gidan su ne: babban ɗaki 16 da 24, matsakaici 16 da 16, ƙarami 12 da 16, baranda 12 da 32, faɗin zauren tsakiya kuma 32 a inda ya buɗe hannuwa. Lambobi huɗu ke nan, 12, 16, 24, 32, kuma 16 tana cikin kowane ɗaki. Kana fita daga wannan ka shiga wancan, awo ɗaya yana biye da kai, ɗaya yana sauyawa.

Yanzu zana naka. Ja layi a tsakiyar takarda daga sama zuwa ƙasa. Ɗora zaure a kansa. A dama jera ɗakuna uku, babba, matsakaici, ƙarami, kowane ya ɗauki awo ɗaya daga maƙwabcinsa. Abin da ka yi a dama, yi shi a hagu. Palladio ya ba da dalilin wannan ma: bangaye su ɗauki nauyin rufi daidai wa daida, kada gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Jera ƙofofin a layi ɗaya yadda mai tsaye a ɗakin farko zai hango na ƙarshe.

A nan za ka ci karo da matsalar da littattafan falsafa ba sa ambata: bango yana da kauri. Lambobin Palladio na cikin ɗaki ne, daga fuskar bango zuwa fuskar bango. In ka jera ɗaki mai 12 da mai 16, tsawonsu a waje ba 28 ba ne, sai ka ƙara bangon tsakiya da na gefe. Ba zai yiwu ciki da waje su fita da cikakkun lambobi a ko'ina ba. Dole wani wuri ya ɗauki ragowar, kuma galibi zaure ko matakala ke ɗauka. A Malcontenta tsawon zauren 46 da rabi ne, lambar da ba ta cikin jerin. Ka yanke tun farko inda ragowarka za ta faɗa.

Mataki na takwas: tagogi

Faɗin taga kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ɗaki, kada ya gaza ɗaya cikin biyar. Tsayinta ninki biyu na faɗinta, da ƙarin kashi ɗaya cikin shida. Taga mai faɗin ƙafa 4 za ta yi tsayin 8 da sulusi biyu. Tagogin hawa ɗaya su zama girma ɗaya ko da ɗakunan sun bambanta, na bene su tsaya daidai saman na ƙasa, kuma a nisanta su daga kusurwar gini, domin kusurwa ƙarfi take bukata. Ka tuna wannan awo na hasken arewacin Italiya ne da sanyinta.

Mataki na tara: tantance abin da ka gano

Idan ka fara ɗora layuka a kan zane, za ka ga kana samun duk abin da kake nema. Fensir mai kauri da ɗan son zuciya sun isa su fitar da kowace lamba daga kowane gini. Saboda haka ka sa wa kanka doka. Faɗi tun farko daga ina kake awo, daga tsakiyar ginshiƙi ko daga gefensa, kuma kada ka sauya a tsakiyar aiki. Rubuta awon da ka samu, da wanda kake zato, da bambancin da ke tsakaninsu.

Babban abin da za a yi ta kawo maka shi ne lambar nan 1.618 da ake kira rabon zinariya, ana cewa ita ce sirrin gine-ginen Farfaɗowa. Gaskiya ne Luca Pacioli ya wallafa littafi a kanta a Benis a 1509, da zane-zanen Leonardo. Amma a ɓangaren littafin da ya yi maganar gini, Vitruvius ya bi. Ba ta cikin filaye tara na Alberti, ba ta cikin ɗakuna bakwai na Palladio. Sunan zinariyar ma a Jamus ya bayyana a ƙarni na 19, kuma Adolf Zeising ne ya yayata ta daga 1854. Abin da ke ruɗar mutane shi ne 3:5 tana ba da 1.667, kusa da ita. A ɗaki mai faɗin ƙafa 16 ta Vicenza, bambancinsu ya kai kusan santimita 28, wanda tef zai nuna amma hoto zai ɓoye.

Na biyu, abin da ke littafi ba kullum ne abin da ke ƙasa ba. Palladio ya gyara wasu zane-zanensa kafin ya buga su, kuma shi kansa yana fita daga jerinsa. A gidan La Rotonda da ke wajen Vicenza, wanda ya fara wa Paolo Almerico wajajen 1567, zauren tsakiya da'ira ce mai faɗin ƙafa 30, manyan ɗakunan kuma 15 da 26, siffar da ba ta cikin bakwai ɗin.

Ita kanta maganar cewa ido yana jin lamba kamar yadda kunne ke ji, an ƙalubalance ta tun tuni. Antoine Desgodetz ya auna gine-ginen tsohuwar Roma da kyau ya buga a 1682, aka ga awonsu bai bi ƙa'ida ɗaya ba. A 1683 Claude Perrault, likita kuma mai tsara gini a Faransa, ya ce kunne yana kama ƙaramin kuskure nan take, ido kuwa ba ya kamawa, don haka yawancin abin da muke kira kyawun awo sabo ne. A ganina yana da gaskiya a kan ido. Ba wanda zai shiga ɗaki ya bambance 16 da 24 daga 16 da 24 da rabi. Amma wannan bai rushe hanyar ba, domin abin da take yi shi ne ta hana mai zane yanke awo barkatai, ta sa gida duka ya fito daga 'yan lambobi kaɗan, kuma wannan ido yana ganinsa sarai.

Ga aikin da za ka gwada kanka da shi. Nemi taswirar gidan Emo da ke Fanzolo, shi ma na Palladio. Ɗakunansa 16 da 16, 12 da 16, da 16 da 27, zaurensa 27 da 27. Biyun farko ka riga ka san su. Na ukun fa? Rudolf Wittkower, wanda littafinsa na 1949 ya dawo da wannan bincike gaban masana, ya karanta 16 da 27 a matsayin matakan kiɗa biyu, daga 16 zuwa 24, daga 24 zuwa 27. Akwai kuma karatu mafi sauƙi: murabba'i da sulusi biyu na 16 shi ne 26 da sulusi biyu, sai aka cike shi zuwa 27 don maginin da ke riƙe da sandar awo. Ni na fi karkata ga na biyun, saboda Palladio mutumin fili ne kuma 3:5 siffa ce da yake yawan komawa gare ta. Fitar da tsayin wannan ɗaki ta hanyoyi ukun, ka kwatanta da 21 da sulusi na ɗaki murabba'i da ke maƙwabtaka da shi. Hanya ta farko za ta ba ka 21 da rabi.